Baƙin Kaka: Tarihin Tsuntsayen Da Ke Sauka A Bakin Ruwanmu



A wannan karon waiwayen tarihinmu bakin ruwa ya nufa. Duk wanda ya bi hanyar Lau ko ta Mayo Ranewo a 'yan makonnin nan, ko ya tsaya da sassafe a gaɓar Mayo Gwoi ko Lamurde, ya ga abin da kan faru duk shekara idan ruwan sama ya fara ɗaukewa. Tsattsewa sun jeru a kan wayar lantarki. Wasu 'yan tsuntsaye masu rawayan ciki suna bin ƙafar shanu suna ta kaɗa jela. A kan yashin da kogi ya janye ya bari kuwa, ga wasu masu dogayen ƙafafu da siririn baki suna caccakar laka. Wata biyu baya babu su a wurin. Kafin ƙarshen watan Afrilu kuma za a neme su a rasa.

Da yawanmu mun taso muna ganinsu, wasunmu ma sun harbe su da danƙo suna yara, amma ba mu cika tambayar daga ina suke ba. Amsar tana da dogon tarihi, wani yankinsa ma a nan ƙasar Muri ya faru. Mun ga ya dace mu kawo shi ne saboda darasin da ke ciki ya shafi fadamunmu da kifinmu da shinkafarmu.

Abin da kakanninmu suka riga suka sani

Tun kafin kalanda ta zo, manomi da makiyayi da masunci suna karanta shekara a jikin tsuntsaye. Babbar shaida ita ce shamuwa. A ƙasar Kano da Katsina da Damagaram, inda iyaye da kakannin da yawa daga cikinmu suka fito, ganin shamuwa a kan tsamiya ko kuka yana nufin a gyara fartanya, a fito da iri. Tana sheƙa a tsakiyar gari, ba a taɓa ta, ba a kwashe mata ƙwai. Mu nan kwarin Binuwai mun fi ganin ta a garke tana wucewa, ta yi arewa da bazara, ta dawo kudu da kaka. Yanzu an san inda take zuwa: tana ƙetare tsakiyar Afirka ta bi damina har Tanzaniya da Zambiya da Zimbabuwe, tana cin fara da tsutsar gona. A 1823 ne Turawa suka shigar da ita littafinsu, suka laƙaba mata sunan wani gwamnan Turkawa na arewacin Sudan, Abdim Bey. Mu kuwa da sunanta muka gaje ta.

Shirwa ma haka. Da damina ta kankama sai ta yi ƙaranci a nan, domin ta bi ruwa zuwa arewa. Da rani ya shigo, aka fara ƙunar daji, sai ga ta tana shawagi a kan hayaƙi tana cafke fara. Balbela tana bin garke yadda garken ke bin ciyawa. Masunta sun san lokacin da kirinjijiya ke cika tafki da fito cikin dare, sun san lokacin da dinya ke saukowa cikin burgu.

Ashe ke nan a lokacin kaka ayari biyu ne ke gamuwa a samanmu. Akwai 'yan gida irin su shamuwa da shirwa, masu kai da komo a cikin Afirka. Akwai kuma baƙi na nesa, waɗanda aka ƙyanƙyashe a Turai da yammacin Asiya. Kakanninmu sun san lokacin zuwan waɗannan baƙi da lokacin tafiyarsu, sai dai inda suke sheƙa ya ɓuya musu. Mutanen Turai kuma sun san sheƙar, amma inda tsuntsayen ke zuwa da sanyi ya ɓuya musu. Kowa rabin labari ke hannunsa.

Mashin da ya tona asiri

Shekaru aru-aru masanan Turai suna ta kame-kame. Tun zamanin Aristotal ake cewa tsattsewa ɓuya take yi a rami ta yi barci har sanyi ya wuce. Wasu har cewa suka yi tana nutsewa cikin laka a ƙarƙashin tafki. An ci gaba da wannan muhawara har cikin ƙarni na 18.

A 1822, kusa da wani gari mai suna Klutz a arewacin Jamus, aka harbo wata farar shamuwa irin ta Turai. Da aka duba sai ga wani siririn mashi mai tsawon kusan santimita 80 ya huda wuyanta ya tsaya. Da aka bincika icen, sai aka ga na Afirka ne. Wato wani maharbi a nahiyarmu ya jefe ta bai kashe ta ba, ta tashi da makaminsa a wuya ta ƙetare hamada da teku har gida. Har yau gawarta tana ajiye a Jami'ar Rostok. Wannan maharbi da ba wanda ya san sunansa, shi ya aika wa Turai amsar tambayar da ta gagari malamanta.

A 1899 wani malamin makaranta a Denmak, Hans Christian Mortensen, ya ɓullo da dabarar da ake amfani da ita har yanzu: a saƙala wa tsuntsu ɗan zobe mara nauyi a ƙafa, ɗauke da lamba da adireshi, a sake shi. Duk wanda ya tsinci zoben a wata ƙasa, idan ya aika da labari, an san hanyar da tsuntsun ya bi. Irin wannan zobe ne masunta da maharba kan tarar jefi-jefi a ƙafar tsuntsu a ƙasarmu, wasu su ɗauka asiri ne, wasu su ce leƙen asiri ne, a jefar. Alhali wasiƙa ce da ke jiran amsa.

Binuwai da waɗanda suka fara rubuta shi

Abin da ke jawo baƙin nan gare mu shi ne halin kogin Binuwai. Yana cika da damina, ya kai maƙura a watan Satumba, ya malala cikin fadamu, sannan ya janye a hankali ya bar tafkuna da kududdufai da laka mai ɗauke da ƙananan kifi da tsutsa da 'ya'yan ciyawa. Daidai lokacin da tsuntsayen suka ƙetaro hamada a galabaice, daidai lokacin ne aka shimfiɗa musu wannan walima.

Muna da shaidar yadda cikar take a da. A watan Satumba na 1854 jirgin ruwan Ingila mai suna Pleiad, ƙarƙashin Dokta William Baikie, tare da Samuel Ajayi Crowther a ciki, ya hauro Binuwai har ƙasar Muri. Baikie ya ziyarci fadar Muri, ya kuma ci gaba da ƙaramin jirgi har wani ƙauye da ya kira Dulti, inda ya tarar ruwa ya shiga har cikin ɗakuna, mutane suna zirga-zirga da kwalekwale tsakanin gida da gida. A lokacin ba a ma kafa Jalingo ba. Sai a 1893 Sarkin Muri Muhammadu Nya ya kafa ta, bayan yaƙin Kona da aka yi da taimakon Bafaranshen nan Mizon. Tsuntsayen da muke magana a kai sun riga garinmu sanin wannan kwari da dubban shekaru.

Ɗaya daga cikin Turawan farko da suka zo yankinmu da niyyar tsuntsaye shi ne Boyd Alexander, wani hafsan sojan Ingila. A 1904 ayarinsa ya hauro da jiragen ƙarfe biyu ya yi sansani a Ibi, daga nan suka bi ta Gongola zuwa Tafkin Chadi, har suka ɓulla kogin Nilu a ƙarshen 1906. Ya tara tsuntsaye masu yawa ya kai gidan adana kayan tarihi a Landan. 'Yan dako da masu tuƙi da masu nuna hanya mutanen ƙasar nan ne, Hausawa da sauransu, amma sunan mai ayari ne ya shiga tarihi. An kashe Alexander a 1910 a ƙasar Chadi ta yau.

Daga irin wannan tarin ne David Bannerman ya rubuta littafinsa mai juzu'i 8 a kan tsuntsayen Afirka ta Yamma tsakanin 1930 da 1951. A 1934 kuma ƙamus ɗin Bargery ya fito ɗauke da sunayen tsuntsaye na Hausa masu ɗimbin yawa, waɗanda da za a karanta wa matasanmu a yau, da yawa za su ji su kamar baƙon harshe.

Kano, Vom da Malamfatori

Bayan samun 'yancin kai aikin ya sauya salo, aka rage harbi, aka koma ƙidaya da sa zobe. A 1964 aka kafa ƙungiyar masu nazarin tsuntsaye ta Nijeriya. Cikin jagororinta akwai Farfesa John Elgood na Jami'ar Ibadan, da Hilary Fry na Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, da Bob Sharland wanda ya shafe shekaru yana sa wa tsuntsaye zobe a Kano. A 1979 ƙungiyar ta faɗaɗa ta zama ta Afirka ta Yamma baki ɗaya, da mujallarta mai suna Malimbus. A Kano da Vom ta Filato an sa wa dubban 'yan tsuntsayen nan masu bin shanu zobe, aka riƙa samun labarinsu daga ƙasashen Turai. Nan aka tabbatar cewa ɗan tsuntsun da ke bin garken Bafulatani a watan Disamba, a watan Yuni yana can yana kiwon 'ya'ya a wata makiyaya ta Turai.

A 1967 wani ayarin masana ya sauka a Malamfatori a bakin Tafkin Chadi, lokacin tafkin yana cike, don a gano yadda tsuntsu mai nauyin giram 15 ko 20 ke ƙetare Sahara. Suka riƙa kamawa suna aunawa. Abin da suka gani shi ne, kafin tafiya tsuntsayen kan yi makonni suna cin ƙwari da 'ya'yan itacen asawaki har su tara kitse mai yawa, wasu su kusa ninka nauyinsu. Kitsen nan shi ne man tafiya, kuma shi ne ruwan sha. Ƙanana sun fi tafiya da dare. Manya irin farar shamuwa ba sa iya doguwar tafiya a kan teku, saboda iska mai zafi da ke tasowa daga ƙasa ce ke ɗaga su, don haka suke taruwa su ƙetare ta mashigin Jibraltar ko ta wajen Istanbul.

Yawansu fa? A littafinsa da ya fito a 1972, wani masani mai suna Reginald Moreau ya ƙiyasta cewa tsuntsaye miliyan 5,000 ne ke shigowa Afirka duk kaka. Wani lissafi na 2009 ya ce ƙananan tsuntsayen da ke tasowa daga Turai kaɗai sun kai biliyan 2.1. Da na'urori suka ƙanƙance har ana iya ɗaura su a bayan tsuntsu, sai abin mamaki ya ƙaru. A 2011 masana a Suwidin suka nuna cewa wani tsuntsun fadama mai dogon baki yana tasowa daga can ya yi tafiyar sama da kilomita 4,000 cikin kwana biyu zuwa huɗu bai sauka ba, sai kudu da Sahara. A kudu da mu kuwa, a Boje ta Jihar Kuros Riba, akwai wani gangaren dutse mai doguwar ciyawa inda tsattsewa fiye da miliyan ɗaya kan kwana a lokacin rani, an kuma sami zobban ƙasashen Turai da dama a ƙafafunsu. Suratun Nahli da Suratul Mulk sun umurce mu da duban tsuntsaye a sararin sama da tunanin Wanda ke riƙe da su. Wanda ya san nisan da 'yar tsattsewar kan waya ta yi kafin ta iso Jalingo, zai ƙara jin nauyin wannan umurni.

Ya kamata mu faɗi gaskiya a kan rabonmu. Manyan garkunan agwagin Turai da farar shamuwa sun fi tsayawa a arewa, wajen Nguru da Tafkin Chadi. Abin da ya fi isowa gare mu shi ne masu caccakar laka, da tsattsewa, da masu bin shanu, da wasu zalɓe, da shahon da ke faɗawa ruwa ya ɗauko kifi da ƙafa. Da yawa ma sukan fara yada zango a Sahel, sai ciyawa ta bushe a Nuwamba ko Disamba su gangaro kwarin Binuwai. Mu ne rumbun ajiyarsu na tsakiyar rani.

Shekarar da tsuntsaye suka kai rahoton fari

Ga inda tarihin ya fi shafarmu. A Ingila akwai masu sa kai da ke ƙirga tsuntsayen gonakinsu duk shekara suna rubutawa. A bazarar 1969 suka lura cewa wani ɗan tsuntsu mai farin maƙogwaro, kusan girman gwara, bai dawo yadda ya saba ba. Fiye da kashi biyu cikin uku sun ɓace a shekara guda. Aka duba maganin ƙwari, aka duba cuta, ba a ga dalili ba. Sai a 1974 masana suka haɗa lissafin da na ruwan sama, suka gane cewa daminar 1968 ce ta gaza a Sahel, tsuntsayen suka mutu a can. Wato tun kafin duniya ta ji kukan mutane da dabbobi a babban farin 1972 zuwa 1974, tsuntsaye sun riga sun kai rahoto. Abin da ya sa aka iya karanta rahoton shi ne akwai rubutaccen lissafin shekarun baya da za a gwada da shi.

Misali na biyu a gida yake. Fadamar Haɗeja da Nguru ita ce babbar masaukin tsuntsayen ruwa a arewacin Nijeriya. A shekarun 1960 ruwa kan malale fili fiye da murabba'in kilomita 2,000 a can. Aka gama madatsar Tiga a 1974, aka gama ta Challawa a 1992, ga kuma fari a tsakani, sai malalar ta koma ƙasa da rabin haka a shekaru da dama. Ciyawar kachala ta toshe hanyoyin ruwa, masunta da manoman shinkafa da makiyaya suka shiga uku. A 1987 aka kafa shirin kare fadamar, a 1989 Yarima Philip mijin Sarauniyar Ingila ya ziyarci Dagona, aka kuma riƙa ƙirga tsuntsaye duk watan Janairu. Tsakanin 1995 da 1997 ƙidayar ta haura 200,000 a kowace shekara. Masana tattalin arziki suka bi sawu, suka auna kifi da shinkafa da itace da ake samu, suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala fadama ya fi kawo amfani a kan irinsa da aka tare don noman rani a sama. Da waɗannan alƙaluma ne mutanen yankin suka sami bakin magana a gaban hukuma a kan sakin ruwa. A shekarar 2000 Tafkin Nguru ya zama wuri na farko a Nijeriya da ya shiga jerin fadamun duniya na yarjejeniyar Ramsar ta 1971.

Tsuntsu ne ya jawo hankalin duniya, amma mai koma da mai fartanya ne suka fi kowa buƙatar abin da ƙidayar ta nuna.

Namu kogin ma ya sauya

A 1982 Kamaru ta kammala madatsar Lagdo a kan Binuwai, sama da Garwa. A wannan shekarar aka gama ta Kiri a kan Gongola, ta Dadin Kowa ta biyo baya a 1984. Madatsar Dasin Hausa da aka tsara ginawa a Adamawa har yau tana kan takarda. Tun daga lokacin cikar kogi da janyewarsa ba su dogara ga ruwan sama kaɗai ba, har da hannun mai buɗe ƙofa. Mutanen Lau da Karim Lamido da Gassol da Ibi ba sa buƙatar a tuna musu 2012 da 2022. Mu ma a cikin gari ba mu manta da ambaliyar 2005 da ta karya gadar Nukkai ta tafi da rayuka ba. Allah Ya jiƙan waɗanda suka rasu.

Ba mu ce madatsa sharri ce zalla ba. Tana ba da wuta da ruwan noma, kuma tafkin da ke bayanta kan zama sabon masaukin tsuntsaye, kamar yadda ake gani a Kiri da Dadin Kowa, ga kuma Kashimbila a kudancin jiharmu. Amma ruwa mai zurfi da ke tsaye wuri ɗaya daban yake da fadamar da ke cika ta janye. Kifi a fadama yake haihuwa, kuma a bakin laka mai caccaka yake samun abinci.

Sauran sauyin kuwa da hannunmu muka yi shi. Tun da Jalingo ta zama babban birnin jiha ranar 27 ga Agusta 1991, gari yake ta cin fadama. Inda muka yi wanka da kamun tarwaɗa muna yara, yau gidaje ne. Tifofi suna kwasar yashi daga gaɓar kogi. An sare itatuwan bakin ruwa don gawayi, ga abin da aka yi wa madobiya a shekarun da kasuwar katakon da ake kira madrid ta yi tashe. Akwai masu zuba guba a tafki don kama kifi, su kashe babba da ƙarami da tsuntsun da ya ci. Mun san damuwar manomin shinkafa, domin jan-baki idan suka sauka a gona sukan share wahalar shekara cikin kwana kaɗan. Sai dai jan-baki 'yan gida ne, kuma yawancin baƙin kaka ƙwari da tsutsa suke ci. Feshin da bai bambance ba yakan kashe ɓarawo da mai gadi tare.

Wanda ke shakkar cewa tsuntsu na iya ƙarewa, ya tambayi dattawa labarin gauraka. Ita ake kira tsuntsuwar ƙasa ta Nijeriya, a da kukanta ya cika fadamun arewa. Yau saura kaɗan ta ƙare a dajin ƙasar nan, saboda kamu don ado a gidajen manya da kuma bushewar fadamu. Ungulu ma da ta cika mahauta, yaushe rabonmu da ganin ta a kwata?

Kiyaye ruwa kuma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tafkin Nwonyo na Ibi ya yi suna ne saboda al'adar hana kamu sai lokacin biki. Kadojin Marmara a Wukari sun rayu ne saboda al'umma ta hana taɓa su. Shamuwa ta zauna lafiya a tsakiyar birane ba tare da dokar gwamnati ba.

Abin da ya rage mana

Jiharmu tana da Gandun Dajin Gashaka Gumti, mafi girma a Nijeriya, inda aka rubuta tsuntsaye sama da iri 400 daga cikin fiye da 900 da ƙasar ke da su. Akwai dajin Ngel Nyaki a Mambila da masana ke zuwa daga ƙasashen waje. A Jos akwai cibiyar nazarin tsuntsaye ta APLORI, wadda ta yaye 'yan Nijeriya da dama, kuma tun ƙarshen 2015 take jagorantar aikin taswirar tsuntsayen Nijeriya. An raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 a tsaye da 9 a kwance, masu sa kai suna shiga da waya da manhajar BirdLasser suna rubuta abin da suka gani. Matasan arewa suna da nasu ayarin a cikin aikin. Ga Jami'ar Jihar Taraba a ƙofar gidanmu tun 2008, ga ta Tarayya a Wukari tun 2011.

Amma mu a unguwanninmu, ilimin tafkunanmu yana kan dattawa ne, kuma duk shekara muna raka wasu makwanci da abin da suka sani. Idan gobe aka zo cike wani tafki ko karkatar da wani rafi, muka ce a da wurin nan yana cika da kifi da tsuntsaye, za a ce mana ina shaida. Mutanen Ingila sun gane farin Sahel domin suna da littafi. Mutanen Nguru sun yi magana domin suna da lissafi.

Saboda haka ga roƙonmu ga 'yan ƙungiya a wannan kaka. Duk wanda ke da tafki ko fadama ko gaɓar kogi kusa da gonarsa ko unguwarsa, ya sayi littafin rubutu na 'yan makaranta. Sau ɗaya a mako, da safe, ya rubuta kwanan wata da sunan wurin da yanayin ruwa, ko yana cike ko ya fara janyewa, da tsuntsayen da ya gani da kimanin yawansu. Wanda bai san suna ba ya siffanta: girma, launi, tsawon baki da ƙafa. Mai waya ya ɗauki hoto. A lura musamman da ranar da aka fara ganin kowane baƙo da ranar da aka daina ganinsa.

Na biyu, kowa ya zauna da wani dattijo, masunci ko maharbi ko makiyayi ko tsohuwar da ta yi ɗiban ruwa a rafi, ya rubuta sunayen tsuntsaye da Hausa da Fulatanci da Mumuyanci da Jukunanci da duk harshen da ya samu, da sunayen tafkunan da suka bushe da shekarar da suka bushe. Wannan aiki ya fi kowanne gaggawa.

Na uku, wanda ya tarar da zobe a ƙafar tsuntsu, ya kwafi lambar da rubutun da ke jiki, da ranar da wurin, ya kawo wa ƙungiya mu isar da shi. Idan tsuntsun yana da rai a sake shi da zobensa.

Na huɗu, malaman makarantun boko da na Islamiyya da ke cikinmu su sani cewa Asabar ta biyu ta watan Oktoba da ta watan Mayu ranaku ne na tsuntsaye masu ƙaura a duniya. Fita da yara bakin ruwa na awa ɗaya ba ya cin kuɗi, kuma yaron da ya san daga inda tsattsewa ta fito zai yi tunani kafin ya ja danƙo.

Idan Allah Ya kai mu ƙarshen rani za mu tattara littattafan a taron ƙungiya, mu haɗa su wuri ɗaya, mu ajiye kwafi, mu miƙa wani ga masana a jami'a. Shekarar farko ba za ta nuna komai ba sai jerin sunaye. A shekara ta goma ne 'ya'yanmu za su buɗe su ga ko ruwan yana nan ko ya tafi.

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Waɗannan baƙi dai sun riƙe alƙawarin zuwa tun kafin a aza harsashin garinmu. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar ruwan da suke sauka a kai, Ya sa albarka a amfanin gonar bana, Ya zaunar da Jalingo da Jihar Taraba lafiya. Amin.